Yadda aka kashe wutar yaƙin Biyafara a Janairun 1970, da bashin da aka bari ba a biya ba

In ana hirar yaƙin basasar Najeriya, wanda tsofaffi a Arewa ke ce wa yaƙin Ojukwu, kusan kowa ya san yadda abin ya faro. Kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa da su Birgediya Maimalari ranar 15 ga Janairun 1966, juyin mulkin ramuwar gayya na watan Yuli, kashe-kashen Ibo da aka yi a garuruwan Arewa a wannan shekarar, zaman Aburi a Ghana da kowa ya dawo gida da tasa fassarar, sai shelar ɓallewar yankin Gabas da sunan Biyafara da Ojukwu ya yi ranar 30 ga Mayun 1967. Amma ka tambayi mutum yaya aka gama, sai ya ce maka ai Ojukwu ne ya gudu shikenan. To gudun shugaba dai ba ya gama yaƙi. Siad Barre ya gudu daga Mogadishu a 1991 abin ma sai ya ƙara rincaɓewa, a Laberiya an kashe Samuel Doe a 1990 aka ci gaba da kashe juna shekara da shekaru. A Najeriya kuwa jirgin Ojukwu ya tashi ranar 11 ga Janairun 1970, ranar 15 an sa hannu a Legas, bindiga ta yi shiru kuma ba ta sake tashi da sunan wannan yaƙin ba. Ba haka kawai abin ya zo ba, akwai waɗanda suka yi aikin.

Abu na farko da ya kamata a gane shine ba a teburin sulhu aka gama yaƙin nan ba, duk da an zauna teburin har an gaji. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa kwamiti tun a taron Kinshasa na Satumbar 1967, Sarkin Habasha Haile Selassie ne shugaba, akwai Tubman na Laberiya, Mobutu, Ankrah na Ghana, Ahidjo na Kamaru da Diori Hamani na Nijar. An zauna a Kampala a Mayun 1968, Anthony Enahoro ya ja tawagar tarayya har da Malam Aminu Kano a ciki, Sir Louis Mbanefo ya ja ta Biyafara. An zauna a Yamai a watan Yuli, Gowon ya je Ojukwu ma ya je amma ba su haɗu ido da ido ba. An zauna a Addis Ababa a Agusta, an sake zama a Monrovia a Afrilun 1969. Duk wuri ɗaya ake cijewa. Legas ta ce ku janye maganar ɓallewa tukuna sai a tsagaita wuta, Biyafara ta ce a tsagaita wuta tukuna sannan a yi maganar komai, kuma kowane ɓangare yana da dalilin ƙin sassautawa, don tarayya na ganin tana cin ƙasa kullum me zai sa ta tsaya ta ba abokin gaba damar numfashi, shi kuma Ojukwu yana ganin duniya ta fara juyowa gare shi, Tanzaniya ta amince da Biyafara a Afrilun 1968, Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya suka biyo a Mayu, Faransa ta fara turo makamai ta bayan fage, hotunan yara masu tamowa sun cika jaridun Turai, sai ya ɗauka in ya ƙara daurewa kaɗan manyan ƙasashe za su tilasta a tsaya.

Ko maganar abincin agaji ma sai da ta zama fagen daga. Tarayya ta ce a shigar da shi ta ƙasa ta hanyar Inugu, ko a yi jigila da rana bayan an duba kaya. Biyafara ta ƙi, ta ce za a sa guba, kuma hanyar da motar abinci ta bi tankar yaƙi ma za ta bi. Abin da ba a faɗa a fili shine jiragen agaji na dare da ke sauka a Uli, filin jirgin Biyafara, su ne rufin asirin jiragen makamai, in an koma jigilar rana wannan ya ƙare. Ana wannan ja-in-ja yara suna mutuwa. Ni a ganina babu wanda ya fita da hannu mai tsabta a wannan babin, wanda ya toshe hanya da wanda ya ƙi a buɗe ta yadda ba zai amfana ba.

Aikin siyasar da ya fi tasiri wajen gama yaƙin an yi shi ne tun kafin a harba harsashi na farko. Ranar 27 ga Mayun 1967, kwana uku kafin shelar Ojukwu, Gowon ya yanka ƙasar zuwa jihohi 12. Arewa da kowa ke tsoron girmanta aka raba ta shida, wannan ya kwantar wa Yarabawa da ƙananan ƙabilu hankali. Gabas aka raba ta uku, Ibo suka tsaya a jihar Gabas ta Tsakiya, mutanen Fatakwal da Ijaw da Ogoni suka samu jihar Ribas, su Efik da Ibibiyo suka samu Kudu maso Gabas. Ka ga kenan teku da mafi yawan man fetur sun faɗa hannun mutanen da yanzu suna da dalilin zama a Najeriya, sun samu abin da suka daɗe suna nema. Ga Awolowo da Gowon ya fito da shi daga kurkukun Kalaba a 1966 ya ba shi ma'aikatar kuɗi da kujerar mataimakin shugaban majalisar zartarwa, shi ya jagoranci canjin takardun kuɗi a Janairun 1968 wanda ya mayar da tulin kuɗin Najeriya da ke hannun Biyafara takardar banza. Sannan tun Oktoban 1967 da Inugu ta faɗi aka ɗauko Ukpabi Asika, malamin jami'ar Ibadan kuma Ibo, aka naɗa shi mai kula da Gabas ta Tsakiya. A lokacin 'yan'uwansa maci amana suke kiransa, amma amfanin naɗin ya fito daga baya, ranar da aka gama yaƙi akwai gwamnatin jiha a ƙasa wadda ɗan gida ke riƙe da ita, ba a kawo wani kanar daga Kaduna an ɗora musu ba.

Babbar matsalar dai ita ce tsoro. Mutanen Biyafara ba don son Ojukwu kaɗai suka jure wata 30 ba, sun yi imani cewa in suka ajiye makami yanka su za a yi gaba ɗaya, kuma wannan tsoron ba daga iska ya zo ba, sun ga abin da ya faru a Kano da Jos da Makurɗi a 1966, sun ji abin da sojojin runduna ta biyu suka yi a Asaba a Oktoban 1967 inda aka tara maza farar hula aka buɗe musu wuta, jiragen yaƙi na tarayya kuma sun sha jefa bam a kasuwanni. Mutumin da ya tabbata mutuwa ce a gabansa ko ya miƙa wuya ko bai miƙa ba, me zai sa ya miƙa? Gowon ya gane wannan da wuri, nan ne ma nake ganin ya fi yawancin hafsoshinsa hangen nesa. Ya fitar da ƙa'idojin yaƙi a rubuce aka raba wa sojoji, ya hana a riƙa kiran Ibo abokan gaba, yana cewa da 'yan tawaye ake faɗa, a 1968 ya gayyato masu sa ido daga Birtaniya da Kanada da Poland da Sweden da Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka su bi sojojinsa su gani, suka ba da rahoto cewa ba su ga shirin ƙare dangi ba, har sojoji aka harbe a bainar jama'a saboda kashe waɗanda ba su da makami. Ba wai hakan ya hana ta'asa ba, an yi ta. Amma sannu a hankali labari ya riƙa tsallakawa cikin Biyafara cewa Ibo na zaune a Inugu da Legas ƙarƙashin tarayya kuma suna raye. Da Azikiwe kansa ya juya wa Biyafara baya ya sauka Legas a Agustan 1969 yana cewa a yi sulhu a ƙasa ɗaya, farfagandar ta samu babban rami.

A ɓangaren soja kuwa, farkon 1969 abin ya tsaya cak. Runduna uku ce ke yaƙin kuma kowane kwamanda kamar sarki yake a yankinsa, har rige-rigen makamai suke a tashar jirgin ruwa ta Legas. Runduna ta ɗaya ta kama Umuahia a Afrilu, amma a wannan watan Biyafara ta ƙwace Owerri daga hannun runduna ta uku ta Benjamin Adekunle bayan an yi wa birged guda ƙawanya wata da watanni. A watan Mayu Gowon ya yi abin da ya daɗe yana jan ƙafa a kai, ya sauya kwamandojin duka. Obasanjo ya karɓi ta uku daga Adekunle, Bisalla ya karɓi ta ɗaya daga Mohammed Shuwa, Gibson Jalo ya karɓi ta biyu daga Ibrahim Haruna. Cire Adekunle ba ƙaramin abu ba ne don jaridu sun riga sun mai da shi gwarzo, shi ya kama Bonny da Kalaba da Fatakwal, amma bakinsa ba linzami, maganganun da yake yi wa 'yan jaridar waje su ne abincin farfagandar Biyafara, rundunarsa kuma ta gaji ta lalace. Obasanjo injiniyan soja ne, ya ɗauki watanni yana gyaran albashi da abinci da horo da daidaita layin daga. Manyan igwa masu dogon zango suka iso daga Tarayyar Sobiyet. A ƙarshen Disamba runduna ta uku ta haɗe da ta ɗaya a wajen Umuahia, aka yanke Biyafara daga yankin Arochukwu inda sauran abincinta yake. Sojan da bai ci ba kwana biyu ba ya tsayawa, sai suka fara cire kaki suna shiga cikin 'yan gudun hijira. Owerri ta sake faɗuwa a makon farko zuwa na biyu na Janairu, Uli ta shigo zangon igwa.

To nan ne aka shiga kwana biyar na ƙarshe, daga 11 zuwa 15 ga Janairu. Ojukwu ya tara majalisarsa zama na ƙarshe, aka yanke ya fita. Cikin daren 10 wayewar 11 ga wata ya hau jirgi a Uli zuwa Kwaddibuwa inda Houphouët-Boigny ya ba shi mafaka, tare da shi akwai kwamandan sojansa Alexander Madiebo da Michael Okpara da sakataren gwamnati. Saƙon da ya bari a rediyo cewa ya yi ya tafi neman zaman lafiya. Ya bar ragamar a hannun Manjo-Janar Philip Effiong, wanda ba ma Ibo ba ne, Ibibiyo ne daga inda ake kira Akwa Ibom yanzu.

Mutane na zagin Ojukwu kan wannan tafiya, kuma da gaskiyarsu ta wani fannin, mutumin da ya ce za a yi yaƙi har mutum na ƙarshe ya hau jirgi ya bar talakawa. Amma tafiyar ta buɗe ƙofa. Da ya tsaya, shi ba zai iya sa hannu ba bayan duk abin da ya faɗa, da an kama shi kuma dole a yi masa shari'a ko wani soja ya harbe shi a hanya ya zama shahidi, ko wanne aka yi an ƙulla wata sabuwar gaba. Kuma zaɓin shiga daji yana nan, Biyafara tana da ƙungiyar 'yan sari-ka-noƙe da ta horar tana aiki a bayan layin tarayya, akwai hafsoshi masu zafin kai da za su iya cewa a ci gaba. Effiong ya zauna da dattawa irin su Mbanefo, ranar 12 ga wata ya hau rediyo ya ce dole a tsayar da zubar da jini, ya ce waɗanda suka hana sulhu sun kawar da kansu da kansu, ya umarci sojoji su janye cikin tsari, sannan ya faɗi wata magana da ba a cika kula da ita ba alhali ita ce ƙashin bayan jawabin, ya ce mutanensu ba su yarda da wata gwamnatin gudun hijira ba. Da wannan jimlar ya rufe wa Ojukwu hanyar ci gaba da yaƙi daga Abidjan. A daren Gowon ya amsa ta rediyo, ya karɓa, ya umarci sojoji su kare duk wanda ya ajiye makami, ya sake jaddada afuwa.

Saurin amsar yana da muhimmanci, don a irin wannan lokacin kwana ɗaya na shiru ya isa wani kwamanda ya ce bari in ƙarasa aikin. Laftanar-Kanar Alani Akinrinade ne ya fara isa wurinsu, sannan Obasanjo ya haɗu da Effiong a Amichi kusa da Nnewi ranar 13. Kar a manta mutanen nan duk sun san juna, soja ɗaya suka shiga lokacin duk sojan Najeriya bai wuce mutum dubu 10 ba, bariki ɗaya suka zauna, wasu makaranta ɗaya suka yi a Ingila, Effiong ma ya girmi Obasanjo a aiki. Wannan sanayya ta yi aikin da wakilan ƙasashen waje suka kasa a Kampala da Addis Ababa.

Ranar 15 ga Janairun 1970, shekara huɗu cif da kisan su Sardauna, tawagar ta isa barikin Dodan a Legas cikin kayan gida, ba kaki. Effiong ya karanta takarda gajera mai magana huɗu: mu 'yan Najeriya ne masu biyayya kuma mun yarda da ikon gwamnatin soja ta tarayya, mun yarda da tsarin mulki da na jihohi yadda yake yanzu, duk wani tsarin mulki na gaba wakilan jama'ar Najeriya ne za su tsara shi, Jamhuriyar Biyafara ta daina wanzuwa daga yau. Gowon ya rungume shi. Ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, ya shelanta afuwa, ba a kafa kotun hukunta shugabannin tawaye ba, ba a rataye kowa ba. Ga shugaba ɗan shekara 35 mai sojoji kusan dubu 250 a bayansa, da yawansu sun binne abokai kuma suna jin haushi, wannan ba ƙaramar jarumta ba ce. Kisan kiyashin da Turai ta yi ta hasashe bai faru ba. An samu wawashe dukiya da ƙwace mata a makonnin farko musamman a yankin runduna ta uku, wannan gaskiya ne kuma waɗanda aka yi wa ba su manta ba, amma yankan da aka ji tsoro bai zo ba.

Inda labarin ya fara tsami shine bayan an gama rungumar. Gowon ya ƙi karɓar agaji daga ƙasashe da ƙungiyoyin da suka taimaki Biyafara, ya kira shi kuɗin jini, aka kori limaman mishan 'yan Ailan da suka fi kowa sanin inda mayunwata suke, aka rufe Uli. Ana iya fahimtar fushin, amma yaron da ke kwance da tamowa bai san siyasar Faransa ba. Waɗanda suka mutu a yaƙin gaba ɗaya ƙiyasi ya kama daga dubu 500 zuwa miliyan 2 ko fiye, mafi yawa yunwa ce ta kashe su.

Sai maganar fam 20. Duk wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, ko nawa ne, fam 20 aka ba shi, haka ma asusun da aka yi ta hulɗa da shi a cikin Biyafara lokacin yaƙi. Masu kare matakin suna cewa ba gwamnatin da za ta canji kuɗin da 'yan tawaye suka buga ba adadi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai shekara biyu bayan haka aka fito da dokar 1972 ta mayar da hannun jarin kamfanonin Turawa ga 'yan ƙasa, lokacin da ɗan kasuwar Anacha ba shi da abin saye. Ko da gangan ne ko ba da gangan ba, haka Ibo suka karanta shi kuma haka suke gaya wa 'ya'yansu har yau. Ga gidajen Fatakwal da aka ce dukiyar da aka yasar ce, mutum ya gina gida a ƙasarsa a ce masa ya yasar. Abin mamaki a Arewa inda aka yi kisan 1966, Ibo da yawa da suka dawo Kano da Kaduna da Jos sun karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu, Sabon Gari ta sake cika cikin 'yan shekaru. Hafsoshin soja kuma kwamiti aka kafa ƙarƙashin Adeyinka Adebayo ya tace su, wasu aka mayar da su aiki, wasu aka sallama, waɗanda ke da hannu a juyin mulkin Janairu da mamayar da Biyafara ta kai wa jihar Yamma ta Tsakiya aka tsare su har 1974.

An yi aikin gyara ba a ce ba a yi ba. Shehu Shagari ne ma kwamishinan tarayya mai kula da farfaɗo da tattalin arziki da sake gini a 1970, kuɗin mai ya shigo a daidai lokacin, aka gyara gadar Neja ta Anacha, aka sake buɗe jami'ar Nsukka, aka kafa hidimar ƙasa a 1973 don yaran Kudu su ga Arewa na Arewa su ga Kudu. A 1979 Alex Ekwueme ya zama mataimakin shugaban ƙasa, shekara tara kacal bayan yaƙi, a 1982 Shagari ya yafe wa Ojukwu ya dawo har ya shiga jam'iyyar NPN ya nemi sanata a 1983 ya faɗi.

Amma afuwar nan ta rufe kowa da kowa ne, ta rufe wanda ya yi tawaye, ta rufe wanda ya yi Asaba, ta rufe waɗanda suka yi kisan 1966 na Janairu da na Yuli da na Satumba. Ba a zauna an ce wane ya yi kaza ba, kowane ɓangare ya koma gida da nasa lissafin gawarwakin, ɗan Arewa ya fara ƙirga daga Sardauna, Ibo ya fara daga Sabon Gari. Magana ta uku a takardar Effiong, wadda ta ce wakilan jama'a za su tsara zaman gaba, ita ce tambayar da aka kasa amsawa a Aburi, wato ƙarfin tsakiya nawa na yankuna nawa. Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, a Oktoban 1974 ya ce ba zai yiwu ba, a Yulin 1975 aka hamɓarar da shi yana taro a Kampala, kuma waɗanda suka karɓa su ne kwamandojin yaƙin, Murtala da Obasanjo da Danjuma. Soja da ya kumbura ya riƙe siyasar ƙasar har 1999 in ka cire shekara huɗun Shagari da 'yan watannin Shonekan, kuma a wannan 1999 ɗin ne MASSOB ta fito, daga baya IPOB, ƙungiyoyin masu fafutukar farfaɗo da Biyafara, yawancin mabiyansu an haife su bayan 1970.

Shi kuwa Effiong da ya ɗauki kunyar miƙa wuya a kansa don a daina mutuwa, korarsa aka yi daga soja, ya yi shekaru yana fama, wasu a Gabas suna ganinsa wanda ya sallama, a Legas kuma ɗan tawaye. Ya rasu a Nuwamban 2003. Ojukwu ya rasu a Nuwamban 2011, aka yi masa jana'iza da faretin soja da tutar Najeriya a kan akwatinsa a Maris ɗin 2012. Tsofaffin 'yan sandan da suka yi aiki a ɓangaren Biyafara kuwa sai a 2017 gwamnatin Buhari ta amince a biya su fansho.